Faifan waje guda biyu ga laftof mai yawo tsakanin Windows, macOS da Linux

Wanda yake aiki da babbar manhaja fiye da ɗaya, ko dai laftof guda mai ɗauke da Windows da Linux, ko kuma Mac a hannu da wata kwamfutar Windows a gefe, wata rana zai so fayilolinsa su zauna a faifan waje guda biyu, yadda in ɗaya ya mutu ɗayan yana nan. Da an fara wannan magana sai ka ji an ambaci RAID 1, wato a haɗa faifai biyu su zama madubin juna, duk abin da aka rubuta a wannan ya shiga wancan a lokaci guda. A babbar kwamfutar da ke zaune wuri ɗaya ba ta motsi, tsarin yana da amfaninsa. A laftof kuwa, da ake cire waya ana mayarwa, yau a kunna wannan manhaja gobe waccan, ni dai ban ga dalilin fara nufar can ba. Abin da ya fi ɗorewa shi ne faifai biyu masu zaman kansu, kowanne da tsarin fayil da duka manhajojin uku suke iya karantawa da rubutawa, sannan a ɗora musu manhajar kwafi mai ajiye tsofaffin zubi.

Inda madubin yake gazawa

Kowace daga cikin manhajojin nan uku tana da nata hanyar haɗa faifai biyu. Windows tana da Storage Spaces, macOS tana da nata RAID a cikin Disk Utility, Linux kuma tana da mdadm. Kowannensu yana rubuta bayanan haɗin a jikin faifan da salon kansa, kuma babu wanda yake jin yaren ɗan'uwansa. Ka haɗa madubi da mdadm ka soka faifan a Windows, ba za ta nuna maka fayil ko ɗaya ba. Mac kuma in ta ga faifan da ba ta gane ba, sai ta fito da saƙon cewa ba ta iya karanta shi, da maɓallin da ke gayyatarka ka share shi ka tsara sabo. Dannawa ɗaya cikin gaggawa, rabin madubi ya tafi. Akwai ZFS, wani tsarin fayil wanda yake yin madubi mai kyau har da gano ruɓewar bayanai, kuma yana tafiya sosai a Linux, amma sanya shi a Mac da Windows aiki ne na masu haƙuri, kuma ba zan ɗora kwafin da nake taƙama da shi a kan direban da sabunta manhaja guda zai iya tsayarwa ba.

Ko da a babbar manhaja ɗaya aka tsaya, USB ba ta dace da madubi irin wannan ba. Waya ta ɗan motsa, ko laftof ya yi barci ya farka faifai ɗaya ya riga ɗayan dawowa, sai tsarin ya ɗauka ɗayan ya mutu, ya ci gaba da rubutu a guda kaɗai. Daga nan sai an sake daidaita su.

Hanyar da ta rage ita ce akwati mai ɗaukar faifai biyu, wanda yake yin madubin da kansa ta wani ɗan guntun lantarki da ke cikinsa, galibi na kamfanin JMicron ko ASMedia. Kwamfuta faifai ɗaya take gani, don haka babu ruwanta da ko Windows ce ko Linux. Wannan yana aiki, sai dai a san abubuwa uku kafin a saya. A bayan akwatin akwai ɗan makunnin zaɓen tsari, RAID 0 ko RAID 1 ko kowane faifai shi kaɗai, kuma a yawancinsu in ka sauya shi ka danna maɓallin tabbatarwa, duk abin da ke ciki ya tafi. RAID 0 ba kariya ba ce ko kaɗan, raba fayil take yi gida biyu don sauri, faifai ɗaya ya mutu an rasa duka. Na biyu, akwatin yakan ɓoye bayanan lafiyar kowane faifai, ba abin da zai gaya maka an samu matsala sai wata 'yar fitila da ta sauya launi a inda ba ka dubawa. Na uku, in akwatin kansa ya ƙone, ba lallai ne kowane faifai ya karantu shi kaɗai a wani akwatin ba. Wannan kam a gwada shi tun ranar farko, kafin a zuba komai mai muhimmanci: a kashe akwatin, a zaro faifai ɗaya, a soka shi ta wata hanya a ga ko fayilolin gwaji sun fito.

Sai lokacin sake gini. In aka sauya faifan da ya mutu, akwatin zai kwafe lafiyayyen kaf ɗinsa zuwa sabon. Faifai mai TB 4 a gudun MB 150 cikin daƙiƙa yana cin sa'a bakwai da ɗoriya, kuma duk tsawon lokacin nan kwafi ɗaya tak gare ka, ana kuma tatsarsa daga farko har ƙarshe.

Babbar matsalar dai ba ma wannan ba ce. Madubi ba ya tambayar ko abin da aka yi daidai ne. Ka goge folda bisa kuskure, ta goge a duka biyun nan take. Manhajar masu garkuwa da fayiloli ta kulle takardunka, an kulle su sau biyu. Wuta ta yi tsalle ko aka ɗauke jakar, faifan biyu suna akwati ɗaya. Abu guda RAID 1 take karewa, mutuwar faifai ɗaya ba tare da aiki ya tsaya ba. Wanda yake gyaran bidiyo kai tsaye daga faifan waje yana iya buƙatar haka, amma shi ma sai ya nemi faifai na uku don kwafin gaske.

Faifan da za a saya da wutar da za su ci

Girma ya kai aƙalla ninki biyu na abin da kake son karewa, saboda tsofaffin zubi suna cin wuri. Kada ka firgita in faifan TB 4 ya nuna kimanin 3.6 a Windows alhali Mac tana nuna 4. Masu ƙera faifai da macOS suna ƙirga da dubu-dubu, Windows kuma da 1024, babu abin da ya ɓace.

Kada faifan biyu su zama iri ɗaya da aka saya rana ɗaya daga kwali ɗaya. In akwai aibu a zubin da aka ƙera su, tare za su tsufa, mai yiwuwa kuma kusa da juna za su mutu. Kamfani daban, ko aƙalla samfuri daban. Haɗa SSD guda, wato faifai marar farantin da ke juyawa, da faifai mai juyawa guda ya fi min kwanciyar hankali, don hanyar mutuwarsu ba ɗaya ba ce: mai juyawa yana tsoron faɗuwa amma sau da yawa yakan ba da alama kafin ya tafi, SSD ba ya jin girgiza amma yakan mutu farat ɗaya. SSD shi ne na yawo a jaka. Wanda za a ajiye a wani wuri wata da watanni ya zama mai juyawa, domin SSD yana riƙe bayanai ne da cajin lantarki mai zurarewa a hankali in ba a ba shi wuta. Ma'aunin JEDEC, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin irin waɗannan kayan lantarki, na SSD ɗin amfanin yau da kullum shekara ɗaya kawai ya sharɗanta a zafin digiri 30, ga wanda ya riga ya cinye adadin rubutun da aka ƙayyade masa. Sabo yana wuce haka nesa, amma ba wurin binne bayanai a manta ba ne.

A masu juyawa akwai salon rubutu biyu, CMR da aka saba da shi da kuma SMR. SMR yana ɗora layukan rubutu gefen wani kan wani don ya ƙara ɗaukar kaya, saboda haka sake rubutu a wuri ɗaya yana tilasta masa sake rubuta maƙwabtan layin. Da farko yana gudu lafiya, in ma'ajinsa na wucin gadi ya cika sai gudun ya faɗi ƙasa warwas. Yawancin ƙananan faifai masu inci 2.5 da ke da girma sosai SMR ne. Don kwafin da ake ƙarawa kaɗan-kaɗan babu laifi. A cikin akwatin RAID kuwa a guje shi, don lokacin sake gini yakan yi jinkirin da zai sa a ɗauka ya mutu. Wannan ne ya jawo ce-ce-ku-ce a 2020, da aka gano wasu faifan WD Red da ake sayarwa don irin wannan aiki SMR ne.

Wuta ita ce abin da aka fi rainawa. Ramin USB 3.0 na asali yana ba da milliamp 900 a volt 5, USB 2.0 kuma 500. Faifai mai inci 2.5 a lokacin da yake tayar da juyawarsa yana iya neman kusan amp ɗaya shi kaɗai. Ka haɗa biyu a mahaɗar USB marar wutar kanta, sai su raba abin da bai ishi ɗaya ba. Alamar ita ce ƙarar ƙyas-ƙyas, faifai ya bayyana ya ɓace, ko kwafi ya yanke a tsakiya. Mutane da yawa sun yar da lafiyayyen faifai a kan wannan. Kowanne ya samu raminsa a jikin laftof, ko a nemi mahaɗa mai adaftar kanta. Manyan masu inci 3.5 dama sai da adaftar volt 12. Waya kuma ta zama gajera, wadda ta zo da faifan.

Tsarin fayil

A nan zaɓin bai da yawa. FAT32 kowa yana karanta shi, amma fayil ɗaya ba ya wuce GB 4, an rufe maganarsa. NTFS na Windows ne, Linux tana rubuta shi ta ntfs-3g ko ta direban ntfs3 da ya shigo a zubi na 5.15 a 2021, amma macOS karantawa kawai take yi sai an ƙara mata direba daga waje. APFS na Apple ne, ext4 na Linux, kowanne baƙo ne a gidan sauran biyun. Ya rage exFAT. Microsoft ta fitar da shi a 2006, macOS ta karɓe shi tun zubi na 10.6.5, Linux kuma ta shigar da shi cikin ƙwayarta a zubi na 5.4 a 2019 bayan Microsoft ta wallafa ƙa'idojinsa, sannan direba mafi inganci ya zo a 5.7.

exFAT ba gwani ba ne, a san da haka. Ba ya ajiye izinin fayil irin na Linux da Mac, ba ya ɗaukar fayil ɗin da ke nuni zuwa wani fayil, kuma mafi muni ba shi da kundin da yake rubuta niyyarsa kafin ya taɓa faifai, irin wanda NTFS da ext4 suke da shi. In aka zare waya yana tsakiyar rubutu, ba shi da inda zai duba ya gane inda ya tsaya. Shi ya sa faifai biyun ba za su riƙa zama a jone tare ba, kuma shi ya sa nauyin tantance bayanai zai koma kan manhajar kwafi.

Teburin rabon faifai ya zama GPT. Tsohon MBR yana tsayawa a TB 2 a faifan da kowace saktarsa, wato ƙaramin yankin rubutu, take da bayit 512. A Mac umarni ɗaya ya isa, bayan ka duba lambar faifan da `diskutil list`:

`diskutil eraseDisk ExFAT AJIYA_A GPT disk4`

A Windows a buɗe diskpart da ikon mai gudanarwa, a bi `list disk`, `select disk` da lambar, `clean`, `convert gpt`, `create partition primary`, sannan `format fs=exfat quick label=AJIYA_A` da `assign`. Umarnin `clean` ba ya tambaya sau biyu, don haka a duba girman faifan da aka zaɓa kafin a buga shi, a kuma cire duk wani faifan waje da ba shi ake nufi ba.

A Linux akwai tarko. In ka yanka ɓangaren da gdisk ka bar shi a nau'in da yake zaɓa da kansa, na Linux ne, kuma Windows ba za ta ba shi harafi ba ko da exFAT ne a ciki. A sa masa lambar nau'i 0700, sannan:

`mkfs.exfat -L AJIYA_A -c 128K /dev/sdX1`

Wannan 128K ɗin shi ne mafi ƙanƙantar wurin da fayil zai ci, kuma shi Windows take zaɓa wa faifan da ya wuce GB 32. Fayil mai KB 2 zai mamaye KB 128. Ƙananan fayiloli 100,000 irin wannan, da nauyinsu na gaskiya bai wuce MB 200 ba, za su ci fiye da GB 12. Masu ajiye lambobin manhaja ko tarin wasiƙu su ne suke jin wannan a jikinsu. Sunan faifai kada ya wuce harafi 11, ba tazara, kuma na biyun ya sha bamban: AJIYA_A da AJIYA_B, a rubuce a jikinsu ma da alƙalami.

Time Machine, manhajar kwafi ta Mac, ba ta karɓar exFAT, APFS take so. Mai son ta ya ware mata faifanta daban.

Kwafi kai tsaye da abin da yake jawowa

Hanya mafi sauƙi ita ce a kwafe folda yadda take, ta yadda ko a wace kwamfuta aka soka faifan za a ga fayilolin a buɗe su. A Windows:

`robocopy D:\Aiki X:\Aiki /MIR /FFT /DST /R:2 /W:5 /L`

A Linux da Mac:

`rsync -rtv --modify-window=2 --delete --exclude='._*' --exclude='.DS_Store' -n ~/Aiki/ /Volumes/AJIYA_A/Aiki/`

`/L` da `-n` gwaji ne, suna nuna abin da zai faru ba tare da taɓa komai ba. Sai ka karanta jerin abin da za a goge sannan ka cire `/L` ko `-n` daga umarnin. `/R:2 /W:5` ba ado ba ne: in ba ka sa ba, robocopy zai sake gwada fayil ɗin da ya ƙi sau miliyan ɗaya, yana jiran daƙiƙa 30 tsakanin kowanne. `/FFT` da `--modify-window` suna yafe ɗan bambancin lokaci, domin tsarin fayil daban-daban ba sa ajiye sa'a da daidaito iri ɗaya, kuma in babu su za ka ga ana sake kwafe fayilolin da ba su canza ba. A rsync kada a yi amfani da `-a` da aka saba, don zai yi ta ƙoƙarin sa izini da mai fayil a inda exFAT ba ta san su ba, allo ya cika da kuskure har na gaske ya ɓace a ciki. Layin karkace na ƙarshen sunan foldar tushe ma yana da ma'ana. Da shi, abin da ke cikin foldar ake kwafewa. Babu shi, foldar kanta za ta shige cikin ɗayar, ka samu Aiki a cikin Aiki. Na'urorin Mac sun daɗe suna zuwa da rsync da ya sha bamban da na Linux, gara a sauko da na zamani ta Homebrew, manhajar sauke manhajoji a Mac.

A tara komai a folda guda maimakon a zuba a bakin faifai, saboda kowace manhaja tana barin tarkacenta a can: Windows da System Volume Information da $RECYCLE.BIN, Mac da .Spotlight-V100 da .Trashes da .fseventsd. Mac kuma tana ƙirƙirar ƙaramin fayil mai farawa da `._` kusa da fayiloli a exFAT, inda take zuba bayanan da tsarin ba ya iya riƙewa. A Mac ba a ganinsu, a Windows da Linux sai su cika ido.

Sunayen fayil su ne suke yin ɓarna a ɓoye. Linux tana yarda da kusan kowane harafi, amma Windows da exFAT sun haramta waɗannan: `< > : " / \ | ? *`. Fayil ɗin da aka sa wa sa'a a sunansa da ɗigo biyu, kamar 14:30, ba zai kwafu ba, kuma in ba ka karanta rahoton ba ba za ka sani ba. Windows tana ƙin sunaye irin su CON, PRN, AUX da NUL, da sunan da ya ƙare da ɗigo ko tazara, kuma manhajoji da yawa a cikinta suna tuntuɓe in cikakken adireshin fayil ya wuce harafi 260. Ga kuma babba da ƙaramin baƙi: a ext4, Rahoto.txt da rahoto.txt fayiloli biyu ne, a exFAT ɗaya ne, don haka na biyu zai hau kan na farko.

Duk da an kiyaye waɗannan, `/MIR` da `--delete`, masu goge duk abin da ba ya cikin foldar tushe, madubi ne mai jinkiri kawai. Fayil ɗin da ya lalace jiya, yau za a kwafe lalataccen a kan lafiyayyen.

Ma'aji mai tarihi

A nan restic, manhajar kwafi mai ajiye tsofaffin zubi, yake shigowa. Fayil guda ne ake saukewa, yana tafiya a Windows da macOS da Linux, kuma ma'ajin da ya gina a ɗaya sauran biyun suna buɗe shi. Yana yanka fayiloli gutsu-gutsu, ya kulle su da kalmar sirri, ya tara su cikin manyan ƙunshi masu sunayen lambobi. Saboda haka exFAT ba ta ma ganin sunayenka na asali, balle ta ƙi su. Izini da sunaye masu ɗigo biyu da bambancin babba da ƙarami duk suna cikin ma'ajin a rubuce. Matsalar ƙananan fayiloli masu cin 128K ta kau. Gutsuren da ya riga ya shiga ba a sake ajiye shi, don haka in hotuna iri ɗaya suna kan Mac da kuma Windows, sau ɗaya za su ci wuri. Kopia ma tana yin irin wannan aiki, tana kuma da fuska ta maɓallai ga wanda ba ya son buga umarni. Borg yana da kyau amma ba ya tafiya kai tsaye a Windows.

A kowane faifai a gina ma'aji nasa:

`restic -r /Volumes/AJIYA_A/ma_aji init`

`restic -r /Volumes/AJIYA_A/ma_aji backup ~/Aiki`

A Windows adireshin zai zama `X:\ma_aji`, kuma a ƙara `--use-fs-snapshot` cikin taga mai ikon gudanarwa don a iya kwafe fayilolin da suke a buɗe. Na fi son kowane faifai ya karɓi kwafinsa kai tsaye daga laftof maimakon a kwafe ma'ajin A zuwa B da rsync, domin in A ya samu rauni kada raunin ya bi hanya ya shiga B. Don kada tarihi ya cika faifai:

`restic -r ... forget --keep-daily 7 --keep-weekly 4 --keep-monthly 12 --prune`

Wannan yana barin zubin kwana bakwai, mako huɗu da wata goma sha biyu, kuma yana ƙirga na kowace kwamfuta daban bisa sunanta. In ka sauya wa laftof suna, tsofaffin zubin za su zauna a rukuninsu ba mai rage su. In aka katse aiki a tsakiya ya bar makulli, `restic unlock` yana cire shi.

Kalmar sirrin ita ce komai. Babu ƙofar baya, in ta ɓace ma'ajin ya zama tarin lambobi. A rubuta ta a takarda, a ajiye ba tare da faifan ba, kuma kada kwafinta ɗaya tilo ya kasance a laftof ɗin da ake karewa. A gefen ma'ajin kuma a ajiye restic kansa na manhajojin uku, don ranar da za a neme shi mai yiwuwa ba intanet.

Wannan ya warware maganar kullewa ma. BitLocker na Windows ne, ko da yake Linux tana iya buɗe shi, kullen APFS na Mac ne, LUKS na Linux. In akwai foldar aiki ta fili da ake son kullewa a duka uku, sai VeraCrypt, wanda a Mac yake buƙatar a ƙara masa macFUSE ko FUSE-T.

Sokawa, cirewa da juyi

Faifai ɗaya yana kusa, ana masa kwafi kullum ko duk bayan aiki mai nauyi. Ɗayan yana wani gini daban, ana musanya su duk mako ko biyu. Da laftof da A da B an samu kwafi uku, ɗaya a nesa. Fayil ɗin da ka goge daga laftof don samun wuri, ka tabbata ya shiga duka biyun tukuna, ka kuma tuna cewa `forget` zai share shi cikin kimanin wata goma sha biyu, mai yiwuwa ma tun kafin haka, in ba ka ware shi ba. Kayan da ba sa kan laftof kwata-kwata su samu foldarsu ta daban a kowane faifai.

Windows tana sauya harafin faifai gwargwadon abin da aka riga aka soka. A ba shi harafi na dindindin daga ƙarshen jeri a Disk Management, kamar X da Y. A Linux kuma in ka saba haɗa faifai a /mnt/ajiya sannan umarnin ya tashi faifan ba ya jone, rsync zai zuba komai a wannan foldar a cikin faifan laftof har ya cika, kai kuwa kana ganin an yi kwafi. Maganin shi ne a ajiye wani ɗan fayil na shaida a faifan, umarnin ya duba shi kafin ya fara. restic ba ya faɗa wannan ramin, don in bai ga ma'ajinsa ba tsayawa yake yi.

Kullum a fitar da faifai ta manhaja kafin a zare waya, a jira fitilarsa ta daina ƙyaftawa. Linux musamman takan nuna kwafi ya ƙare alhali sauran bayanai suna ƙwaƙwalwa ba su sauka ba, `sync` ko `umount` ne suke tabbatarwa. Kada a rufe murfin laftof ana rubutu. Mai Windows da Linux a kwamfuta ɗaya ya kashe Fast Startup, domin da shi Windows ba ta mutuwa gaba ɗaya, rabin barci take yi tana riƙe da hoton yadda ta bar faifai, sai Linux ta zo ta rubuta, Windows ta farka da tsohon zance. `powercfg /h off` yana kashe shi tare da dogon barcin duka.

In aka zare exFAT ba bisa ƙa'ida ba aka soka a Mac, faifan yakan ƙi bayyana na tsawon lokaci. Bai mutu ba, fsck_exfat ne yake bincikensa a bayan fage, kuma a babban faifai yana iya ɗaukar fiye da sa'a. A bar shi ya gama. A Windows `chkdsk X: /f` ne, a Linux `fsck.exfat`.

Bincike

Gani ya kori ji. Duk wata a buga `restic check --read-data-subset=10%`, wanda yake karanta kashi goma cikin ɗari na gutsattsarin ya gwada su da lambobin tantancewarsu, sannan sau ɗaya ko biyu a shekara a yi `--read-data` gaba ɗaya. Bayan haka a dawo da folda guda zuwa wani wuri na gwaji da `restic restore latest --host` da sunan kwamfutar da `--target`, a buɗe fayilolin da ido. A yi wannan daga babbar manhajar da ba ita ta yi kwafin ba, don nan ne za a ga sunayen da Windows za ta ƙi karɓa. Ga foldar fili, `sha256sum` a Linux, `shasum -a 256` a Mac da `Get-FileHash` a PowerShell duk lamba ɗaya suke bayarwa in fayil bai canza ba.

Lafiyar faifai kuma ana duba ta da `smartctl -a -d sat /dev/sdX` a Linux ko CrystalDiskInfo a Windows. Mac ba ta cika karanta wannan ta USB ba sai da ƙarin direba, don haka a yi a sauran biyun. A faifai mai juyawa a kalli lamba 5, saktocin da aka riga aka sauya, da 197 da 198, waɗanda suka ƙi karantuwa. In sun tashi daga sifili, musamman in suna ƙaruwa, a nemi sabo. Lamba 199 kuwa yawanci laifin waya ce ko mahaɗin cikin akwati, ba na faifan ba.

Ranar da ɗaya ya nuna alamar mutuwa, kada a fara da chkdsk ko `prune` a kansa, don duka biyun rubutu suke yi a wurin da ya riga ya raunana. A cire shi a ajiye. A sayo sabo, a tsara shi, a gina ma'aji da `init --from-repo` da `--copy-chunker-params` yana nuni ga lafiyayyen, sannan `restic copy --from-repo` ya kwaso tarihin duka. Sai `check --read-data` ya wuce lafiya a kan sabon kafin a taɓa tsohon, kuma in akwai foldar da ba a kulle ba a cikinsa, a shafe shi gaba ɗaya ko a fasa farantin kafin a yar.